Shirun da Muke Roƙa a Tsohon Coci

Makon jiya wani saurayi ya shigo situdiyonmu da waya a hannu, ya ɗaga ta sama ya ce da ni, "Baba, wannan sana'ar taku ai ta mutu. Duk abin da kuke yi a ɗakin nan, wannan za ta yi mini shi ina kwance a kan katifata." Na miƙa masa abin sawa a kunne, na kunna masa muryar wani tsoho, na ce ya saurara. Ya ji baiti biyu, ya cire, ya ce, "Kai! Wannan fes take. Da wace manhaja kuka wanke ta?" Tun ranar raina yake a ɓace. Shi ya sa da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuto wani abu a kan sana'arsa, na ce to, ni da ku nake, ku samarin da kuke ganin ɗaukar sauti danna maɓalli ne kawai.

Sunana Ya'u. Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana, Alhaji Bala mai kaset, a Kwanar Dangora, shi ne goge kan rikoda. Auduga a bakin tsinke, a tsoma a sifirit, a goge a hankali har baƙin ya daina fitowa. In zaren kaset ya tsinke, sai a yanke bakin biyu a karkace da reza, a haɗa da ɗigon jan farce, a jira ya bushe, a naɗe da biro. Direbobin manyan motoci su ne masu sayenmu, kuma ba su da haƙuri. Mutum zai bar mota tana ruri a bakin titi ya ce a ba shi wa'azin da ya ji a motar abokinsa, bai san sunan malamin ba, bai san garin ba, sai dai ya kwaikwayi muryar. A lokacin ban iya karanta abin da ke jikin kaset ba, don haka da kunne na haddace shagon gaba ɗaya.

Ranar da Alhaji ya fara fita da ni ɗauka, wani wa'azi ne a Kiru. Mun kafa makirfo, malamin bai iso ba tukuna. Alhaji ya sa mini abin ji a kunne ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Ba komai, Alhaji, ai ba a fara ba."

Ya sakar mini ranƙwashi. "Sake ji, ɗan banza."

Na sake ji. Sai ga akuya can bayan katanga. Ga guga yana bugun bakin rijiya. Ga wata mata tana tankaɗe. Har kwanon rufin masallaci yana ƙas-ƙas saboda rana ta fara dukansa. Alhaji ya ce, "Duk waɗannan da ka ji, za su shiga kaset tare da malam. Makirfo ba ta san babba ba, ba ta san akuya ba. Ɗaukar murya kowa zai iya. Mu aikinmu samo wa murya wurin zama." Na yi shekaru a hannunsa, kuma in aka matse abin da na koya, wannan ne. Sauran duk wayoyi ne da maɓallai, su kuwa kullum canzawa suke yi.

Ginin da muke ciki yanzu coci ne a da. Ƙauyenmu yana tsakanin Tudun Wada da Burumburum, kuma tun kakanni a gida ɗaya za ka tarar wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci. Iyayen su Baba Ayuba, wani dattijo a unguwarmu, ne suka gina shi da tubali da jar ƙasa, matansu na ɗebo ruwa daga rafi. Kaurin bangon, in ka zura hannu ta taga sai ka sa kafaɗa kafin yatsunka su taɓa waje. Rufin azara ne da ƙasa, daga baya aka ɗora kwano a sama. Kujerun ma dakali ne na ƙasa, layi-layi. Da kwalta ta zo, jama'arsu suka yi sabon gini na bulo a bakin titi suka koma can. Tsohon ya zama wurin ajiye masara, daga nan ya zama na jemagu.

Ruwan sama ne ya kore ni cikinsa wata rana ina dawowa daga gona. Ina tsaye ina jiran ya tsagaita, sai na tafa hannu don in kori jemagun. Tafin ya fita, ya mutu a wurin, bai dawo mini ba. Na sake tafawa. Na yi gyaran murya. Na yi kiran sunana kamar mahaukaci. Duk ɗakin siminti da na taɓa aiki a cikinsa, murya sai ta bugi bango ta dawo ta taka 'yar'uwarta. Wannan kuwa sha yake yi. Kafin ruwan ya ɗauke na riga na san inda zan kafa makirfo.

Baba Ayuba shi ne babba a dattawan cocin, don haka wurinsa na je na durƙusa. Ya sa na yi ta zarya har aka girbe gero, sannan suka zauna suka yarda, da sharuɗɗa. Ba giya, ba waƙar batsa. Kaburburan da ke bayan ginin, ba a taka su, ba a ajiye babur a kansu. Da muka gama, ya ce in biyo shi gindin tsamiyar da ke ƙofar cocin. A jikin reshenta akwai wani ƙarfe rataye da sarƙa, ƙarfen tsakiyar tayar babbar mota, ya yi tsatsa. Shi ne ƙararrawarsu.

Ya ce, "Ka ga wannan? Tun muna yara, in aka buga shi da sauri a jere, kowa a unguwar nan ya san an shiga sujada. Mata su ajiye taɓarya, maƙeri ya ajiye guduma, Musulmi da Kirista. Mu kuma in ladan ya kira salla, kiɗanmu ya tsaya. Ba wanda ya rubuta, haka muka tarar. Sabon ginin sun sayi lasifika, ba sa bukatarsa. In kana so ka yi amfani da shi, zan gaya wa unguwa. Amma ka ji da kyau." Ya kama hannuna. "Da sauri, kira ne. In aka buga ɗaya, aka jira ƙarar ta mutu, aka sake buga ɗaya, to wani daga cikinmu ne ya rasu. Wannan bugun ba naka ba ne. Ko da wasa."

Na ce, "Na ji, Baba."

Gyaran ɗakin ya ci mini rani guda. Kashin jemage kaɗai, manoma da jakuna suka yi ta kwasa suna kaiwa gona. Na toshe tagogi da tubali. Na cika buhunan algarara da ƙaiƙayin shinkafa na jera a kusurwoyi, na bi rufi da kwalin ƙwai. Wurin da mai wa'azinsu yake tsayawa, nan na kewaye ya zama ɗakin mawaƙi, na sa masa gilashin tagar wata tsohuwar bas. A bangon gabas akwai gicciye da magina suka fito da shi da ƙasa. Ban kankare shi ba, tabarma na rataya a kai, yana nan har yau. Janareto kuwa rami na haƙa masa can nesa da kaburbura, na ja waya.

Duk wannan ya tare zakara da babur da kukan yara. Abu biyu ne bango ba ya tarewa, komai kaurinsa: turmi da injin niƙa. Su ba ta iska suke zuwa ba, ta ƙasa suke bi, su hau sandar makirfo su shiga. Kuma injin niƙan unguwarmu, na Habu, yana nan jifa ɗaya daga ƙofarmu. Habu Musulmi ne, amma ɗan ƙanen Baba Ayuba ne, a gidansa ma ya tashi. Ranar da na fara buga ƙarfen nan da sauri, ina tsaye na kasa kunne, sai na ji injin ya yi tuf, tuf, ya tsaya. Turame suka bi baya ɗaya bayan ɗaya. Na shiga na sa abin ji a kunne, ban ji komai ba sai numfashin mawaƙin.

To ku da kuke cewa manhaja, ku ji yadda ake riƙe wannan shirun, don ba kyauta yake zama ba. Ban taɓa buga ƙarfen da yamma ba, lokacin da mata ke dakan tuwon dare. Ban buga ranar kasuwa ba, ranar da Habu yake samun layi. Ba na bugawa sai mawaƙi ya gama duk gwaje-gwajensa ya shirya tsaf, kuma da mun gama sai in fito in sake bugawa don kowa ya koma aikinsa. In ana suna ko ɗaurin aure a unguwa, lasifikata ce ke zuwa, ba sai an tambaya ba. Saukar karatun 'yan Islamiyya ni ke ɗauka, matan coci in za su yi waƙoƙin Kirsimeti da tulunansu ni ke ɗauka. In bel ɗin injin Habu ya tsinke, babur ɗina ne ke zuwa Tudun Wada. Matar da ta tsayar da daka da jariri a baya da miji mai jiran fura, ba tsoron ƙarfe take yi ba. Alfarma take yi maka, kuma tana sane.

Akwai wani Bafulatani mai sarewa da ya zo daga wajen Burumburum, ɗansa yana Kudu yana so a tura masa busar. Muka rufe shi a ɗakin gilashi, ya sa sarewa a baki, ya sauke. Ya ce shi ba ya iya busa in ba ya ganin sarari. Na buɗe ƙofar cocin gaba ɗaya, na zaunar da shi a bakinta yana kallon gonaki, na buga ƙarfe. Ya yi busa mai tsawo, ƙofa a buɗe, a tsakiyar unguwa mai gidaje da yawa, kuma babu abin da ya shiga sai wata kurciya. Ku je Kano ku nemo situdiyon da zai yi muku haka. Masu bege sun zo, masu tallan maganin gargajiya sun zo, mawaƙan siyasa sun zo da 'yan amshinsu cike da mota, daga Bebeji har Doguwa. Suna cewa ɗakin yana da albarka. Ni na san ko albarkar waye.

Da kaset ya mutu, ɗan yayana Nazifi ya dawo daga Kano da kwamfuta muka haɗa hannu. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Abin da nake kwana biyu ina yi da reza da jan farce, kafin shayi ya huce ya gama shi. Shi ya sa mana sola muka huta da janareto. Na nuna masa ƙarfen tun ranar farko, na faɗa masa abin da Baba Ayuba ya faɗa mini, kalma da kalma. Ya ce, "Na ji, Baffa."

Ranar da abin ya faru damina ce, ana tsakiyar noma, kowa yana gona. Na tafi Kwanar Dangora sayen batir. Baba Ayuba kuwa ya yi makonni a kwance, kowa a unguwa ya san jikin ya yi nauyi. Wani mawaƙi ya zo daga birni da yaransa, yana da waƙar soyayya mai ban tausayi, ya ga ƙarfen a jikin tsamiya, ya ce yana son ƙararsa a farkon waƙar. To duk mai ɗaukar sauti ya san yadda ake ɗaukar ƙarar ƙarfe. Ba a bugawa a jere, don ƙarar za ta hau kan juna. Ɗaya ake bugawa, a jira ta mutu gaba ɗaya, a sake bugawa, a yi ta yi har a samu mai kyau. Nazifi ya fito da makirfo, ya koma ciki ya sa abin ji a kunne, ya ce da yaron mawaƙin ya buga ɗaya, ya jira sai ya ɗaga masa hannu.

Habu ne ya fara ji. Ya kashe inji da hatsin mutane a ciki, ya shiga gida ya ɗauko diga da shebur, ya nufo bayan coci yana hawaye, don a can Baba Ayuba ya ce a sa shi kusa da mahaifinsa. Ya iso gindin tsamiya ya tarar da wani yaro riƙe da guntun ƙarfe, wani kuma sanye da baƙin tabarau yana ɗaukar kansa hoto da waya. Mai tabaran ya dube shi ya ce, "Malam, ɗan matsa mana, kana shiga hoto."

Kafin Habu ya gane abin da ake ciki, mutane sun fara fitowa daga gonaki. Maza da fartanya a kafaɗa, mata suna kuka tun daga nesa, har daga rugagen da ke ƙetaren rafi, don su ma sun san bugun. Mama Rifkatu, matar Baba Ayuba, tana fadama wurin shinkafarta. Ta bar shi da safe yana shan kunu. Da ta ji, ta yar da komai ta kama gudu, tsohuwa da ita, santsin bakin rafi ya kwashe ta, ta dafa da hannu, hannun ya karye a wuyansa. A haka ta ƙaraso gida, riƙe da hannu ɗaya da ɗaya, ta tarar da mijinta zaune a kan tabarma yana tambayar wa ya rasu.

Da na dawo na tarar da unguwa cike a ƙofarmu, motar mawaƙin ta riga ta gudu. Na ja Nazifi ciki na ce, "Ban gaya maka ba?"

Ya ce, "Ka gaya mini, Baffa. Amma ai mu ba sanarwa muke yi ba. Sauti kawai muke ɗauka."

Na ce, "Ƙarfen ya san sauti kuke ɗauka? Matar da ke fadama ta san sauti kuke ɗauka?"

Wannan maganar tasa ita ce har yau take tafasa mini zuciya, kuma ba shi kaɗai ba ne, duk haka kuke. Kun ɗauka duk abin da ya shiga makirfo naku ne, abin da ya fita waje kuwa ba ruwanku. Mutum ya toshe kunnuwansa biyu da soso yana kallon layi yana hawa yana sauka a kwamfuta, ya manta akwai mutane a bayan bango masu kunne su ma.

Da la'asar dattawan coci suka zo da tsani suka kwance ƙarfen. Ba su yi faɗa ba, ba su ce mu tashi ba. Suka ɗora shi a amalanke suka kai gidan Baba Ayuba. Washegari Habu ya tayar da inji tun da hantsi, bai kashe ba sai magariba, ko da niƙa ko babu.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Na ga shekarar da kaset ya mutu, na ga shekarar da mai ya yi wuya, babu wadda ta kai ta. Kayan aiki lafiya lau, ɗaki lafiya lau, amma ba a iya ɗaukar ko sallama. Wani mai bege ya zo daga Doguwa da mutanensa, muka ɗauka, muka kunna masa, ga muryarsa ga injin Habu yana yi masa amshi, ga turame uku a ƙasa. Nazifi ya ce a bar masa, zai wanke. Ya wanke ɗin. Inji ya fita, amma muryar malamin ta koma kamar yana magana daga cikin randa. Mutumin ya saurara ya ce, "Wannan ni ne, ko aljanina?" Bai dawo ba, kuma ya faɗa wa wasu. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Har na fara tunanin sayar da sola in koma noma gaba ɗaya.

Kuma ba wanda zan kai ƙara. Wa zan ce ya yi mini laifi? Mace tana daka a gidanta, mutum yana niƙa a shagonsa. Abin da suka ba ni a da, ba hakkina ba ne, sun karɓe abinsu.

Na yi ta zuwa gaida Mama Rifkatu har mai ɗori ya kwance mata kara. Nazifi kuwa, ban aike shi ba, na wayi gari na ji an ce an gan shi a fadama yana cire ciyawa a shinkafarta. Ya yi mata noman har girbi, hannunsa na kwamfuta duk ya yi kanta. Ba ta yi masa magana ba sai ranar da ya kawo buhunan ƙofar gida. Ta dube shi ta ce, "Kai ne mai kashe mutane da ransu? Zauna ka ci abinci."

Baba Ayuba bai mutu ba a shekarar, sauƙi ma ya samu. Bayan girbi ya aika a kira ni. Na tarar da shi a zaure, ƙarfen yana jingine a bayansa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ya'u, ashe na rasu ba ka zo gaisuwa ba?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

Ya yi dariya har da tari. "Ni ai na ci riba. Wa ya taɓa ganin masu kukansa da idonsa? Na ga wanda ya yi gudu, na ga wanda ya tsaya ya ƙarasa kunyar da yake nomewa tukuna." Sai ya daina dariya. "Amma da na ji bugun nan, abu ɗaya ya zo mini. Waƙoƙin da iyayenmu suka yi a ɗakin can, ba mai yin su yanzu. Yaran sabon gini sai fiyano da ganga. In na tafi, sun tafi. Ina so ka ɗauke su, a ɗakin da aka yi su."

Na ce, "Baba, ko yau. Sai dai a mayar da ƙarfen, don ba za a ji ka ba."

Ya ce, "Ƙarfe ba zai koma ba. Bugu ɗaya ya rage masa, nawa, kuma Habu ne zai yi shi. Shiru kuwa, da ƙarfe ka same shi a sauƙaƙe, shi ya sa yaronka ya ɗauka na banza ne. Ku je ku roƙa da bakinku."

Haka muka yi. Ni da Nazifi muka bi unguwa gida-gida, mu yi sallama, a fito, mu durƙusa, mu ce ranar Talata da hantsi Baba Ayuba zai yi waƙa, muna roƙon a ɗaga daka. Wata ta ce to. Wata ta ce sai ta tambayi maigida. Wata tsohuwa ta tsare Nazifi ta wanke shi tas, ta ce saboda shi ta bar akuyarta a gonar mutane ta yi ɓarna, sannan ta ce to. Maƙeri ya ce ba komai. Muka bar Habu a ƙarshe.

Mun same shi fari fat da gari, inji yana ruri. Ya gan mu, bai rage ba. Sai da na yi ihu a kunnensa.

Ya ce, "Ba na ji! Inji nake yi!"

Nazifi ya durƙusa a cikin garin nan, a gaban matan da ke layi, ya yi ta magana ba mai jin sa. Habu ya bar shi a durƙushe har ya gama kwanon da ke ciki, sannan ya rage wuta.

Ya ce, "Kun san da me na zo ranar? Da diga na zo. Mutumin da ya goye ni. Har na zaɓi inda zan fara sara, wani ɗan iska yana ce mini ina shiga hoto."

Na ce, "Mun sani, Habu."

"Ba ku sani ba." Ya juya ya ƙara wuta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar Talata da hantsi aka kawo Baba Ayuba a babur, Mama Rifkatu da wasu tsofaffi mata biyu suna biye da tulunansu na kiɗa. Turame sun yi shiru, maƙera ta yi shiru. Injin Habu kuwa yana ta yi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ɗakin, ya ce a ɗage masa tabarmar bangon gabas. Nazifi ya ɗage. Ya ƙi shiga ɗakin gilashi, ya zauna a dakalin da ya ce nan mahaifinsa yake zama, muka kai masa makirfo can. Na sa abin ji a kunne, ba abin da ke ciki sai inji. Na dubi Nazifi, ya dube ni. Baba ya ce, "Ku kunna abinku, ni zan fara."

Ya ja numfashi ya ɗaga murya, muryar tsoho, tana rawa. Bai kai ƙarshen layin farko ba sai na ji tuf, tuf, tuf. Inji ya tsaya. Baba ya tsayar da waƙar, ya yi murmushi, ya ce, "To, a sake daga farko."

Ya yi waƙoƙinsa har rana ta take tsaka, matan suna amsawa. Da na fito shan iska na hango Habu a gindin tsamiya, inda sarƙar take lilo ba komai a jikinta, ya juya mana baya, yana ji.

Ƙarfen bai dawo ba har yau, yana zauren Baba Ayuba yana jiran ranarsa. Aiki ya dawo, amma ba kamar da ba. Yanzu duk wanda zai yi ɗauka sai ya faɗa mana tun da wuri, Nazifi ya bi gidaje da ƙafarsa. Wani lokaci a ce to, wani lokaci a ce yau akwai biki, sai gobe, mu ba mawaƙi haƙuri. Habu yana ba mu hantsin Talata da na Alhamis, in ya ga dama. Duk saurayin da ya zo koyon aiki wurinmu, ba ya taɓa kwamfuta sai ya yi wata yana wannan zagayen, ya san sunan kowace mai turmi. Da yawa ba sa kai wata. Suna cewa su sauti suka zo koya, ba gaishe-gaishe ba.

Muryar da na kunna wa mai wayar nan, ta Baba Ayuba ce. Da ya yi haƙuri ya ji har ƙarshe, da ya samu amsar tambayarsa. Bayan waƙar ƙarshe akwai ɗan shiru, sannan a ji Baba ya ce, "Shi ke nan, a gaya wa Habu." Sai a ji ƙafar Nazifi ta fita. Can sai inji ya tashi, turame suka biyo shi, unguwa gaba ɗaya ta dawo cikin kunnenka. Ranar da muke haɗawa Nazifi ya kai hannu zai yanke wurin, na riƙe hannun. Na ce a bar shi, don duk wanda ya saurara ya san akwai inji a garin nan, kuma mutum ne ya kashe shi.